Rijiyar Ƙofar Gidanmu

Da na ci gaba da ɓoye masa, da Malam ya ƙara kwana a duniya? Na tambayi liman, ya ce kwana in ya ƙare ya ƙare. Na yarda da haka, amma har yau zuciyata ba ta kwanta ba.

Malam, maigidana, mahaƙin rijiya ne. Daga Fassi har Dawaki, da wuya a sami unguwar da bai sa diga a ƙasarta ba. In ruwa ya ɓullo, shi ke fara kurɓa, ya juya shi a baki, sannan ya ce a sha ko a bar wa dabbobi. Ta ƙofar gidanmu ita ce abin alfaharinsa, ruwanta garau, babu zartsi. Sadaka ya yi ta, kowa ya ɗiba. Ko kasuwar Kibiya za shi, sai na cika masa jarka.

Da tafin hannunsa ya yi tauri yana tsattsagewa, muka ce kantar diga ce. Da baƙaƙen ɗigo suka feso masa a ƙirji, muka ce tsufa. Maƙwabciyarmu ma ta yi irinsu, ita da ba ta taɓa riƙe diga ba, amma hankalinmu bai kai nan ba.

Wata rana da hantsi masu gwajin ruwa suka zo daga Kano. Wata mata a cikinsu ta fito da na'ura kamar wayar hannu, ta maƙala mata ɗan siririn tsinke, ta ɗiga masa ruwanmu. Malam na zaune a zaure, duk ya rame.

"'Yar nan," in ji shi, "harshena ya girmi na'urarki, ya girmi babanki ma."

"To Baba, bari mu ga gwani," ta ce tana dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Sau uku tana sake gwajin, sannan ta ja ni bayan rumbu.

"Iya, akwai guba a ruwan nan, asinik ake ce mata. Daga dutsen ƙarƙashin ƙasa take fitowa. Ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano."

Na ce ai tafasa masa nake yi. Ta sunkuyar da kai, ta ce wuta ba ta fitar da ita.

Bayan sun tabbatar a Kano, mai unguwa ya sa aka rufe bakin rijiyar da kwano, aka danne da duwatsu. Malam lokacin ba ya iya fitowa. Na riƙa juye masa ruwan leda a moɗa don kada ya gane. A kwana na huɗu ya ce ya daina jin hayaniyar mata da ƙarar guga. Na ce damina ce, kowa ya tari na sama. Ya dube ni, ya haɗa ni da Allah. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa yi masa ƙarya ba kafin wannan, sai na fashe da kuka, na faɗa masa.

Sai na ji yana ambaton gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, har da jariran da aka yi wa wanka da ruwan. Daga ranar ya juya fuskarsa ga bango, ko kunu ba ya karɓa.

Ran kwana na tara, bayan la'asar, ya lalubo hannuna.

"Uwar yara, ki bi gida-gida ki roƙar mini gafara. Ni na ɗanɗana, ni na ce su sha."