Takardar da aka ɗinke mini a fata

Assalamu alaikum. Shekara sittin da ɗoriya ina haɗiye wannan magana. Yau na ga ana ta tallar ƙwayoyin ƙarin ƙarfi a waya, wai suna gyara baya, sai na ce wa ɗiyata ta ɗauko wayarta ta rubuta.

Zamanin Nasara ne, ina saurayi a Dakoro, raƙumi ya kayar da ni a hanyar Birnin Lalle. Ƙugu ya riƙe, ƙafar hagu tana tsami.

Aka kai ni likita. Lokotoron Bafaranshe ne, kuma mai yi masa tafinta Idi ne, ɗan kawuna, wanda muka tashi ɗaki ɗaya. Na ji daɗi da na gan shi. Lokotoro ya lallatsa bayana, ya yi magana doguwa, ya rubuta takarda.

Na ce, "Idi, mi ya ce?"

Ya ce, "Ya ce ka kwanta, kada ka motsa sai ciwo ya hita duka. Kuma ka dinga shan man kihi. Ni zan kawo maka."

Inna ta karɓi takardar da hannu biyu. A wurinmu rubutu ba abin yarwa ba ne. Ta kai wa baduku ya ɗinke ta a fata kamar laya, ta rataya mini a wuya.

Na kwanta. Damina biyu ta wuce ni a kan tabarma. Man kifi kwalba bayan kwalba, ƙarninsa har a zufata. Awakin Inna suka bi hanyar gidan Idi ɗaya bayan ɗaya, kuɗin mai. Ƙafafuna suka zama kamar karan gero. Na ji tsoro ƙwarai, don ko juyawa sai an juya ni.

Da abin ya ƙi, babana ya ɗora ni a motar gyada zuwa Maraɗi. Aka ɗauki hoton baya. Wani ma'aikacin jinya, Bazabarme, ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayana ya bushe ya lotsa, naman da ke riƙe da su ya narke saboda kwanciya. Ya tambaya ko an taɓa ba ni takarda. Na nuna wuyana.

Ya sa reza ya farke. Ya karanta, ya dube ni, ya faɗa mini abin da ke rubuce.

"Hutu kwana takwas. Daga nan tafiya kullum, safe da marece. Wa ya ce maka man kifi?"

Wallahi faɗuwa daga raƙumi ba ta yi mini zafin wannan ba.

Wata huɗu ana koya mini tafiya da sanda biyu, ina kuka kamar yaro. Da na koma gida na tare Idi. Abin da ya ce kawai, "To, ai bai kashe ka ba."

Na gode wa Allah, na yi noma, na haifi 'ya'ya. Allah ya jiƙan Inna da Bazabarmen nan da ban ko tambayi sunansa ba.

Ku masu ciwon baya, ku je a duba ku. Ku tambayi lokotoro kwana nawa za ku kwanta, ku sa wani dabam ya sake karanta muku abin da ya rubuta. Duk wanda ya ce ku bar motsi ku sha abin da shi yake sayarwa, ku tashi daga gabansa.

Idi ya rasu tuntuni. Na bi gawarsa da ƙafata har maƙabarta, a sunkuye. Mutane suka ce baƙin ciki ne ya sunkuyar da ni. Iyakar miƙewata ke nan tun daga lokacin.