Dokta Dua da Sa Mai Ƙafa Bakwai

A mayankar bakin rafi, a wani gari da ke kan hanyar Meiganga a ƙasar Kamaru, ba a saran nama sai Dua ya iso. Yana zuwa a kan tsohon kekensa, da 'yar siririyar wuƙa a kube, hatimi da shuɗin tawada a aljihu. Shi ba likita ba ne, ma'aikacin duba nama ne, amma mahauta kan ce masa Dokta in suna neman hatimi, su ce masa Ungulu in ya ba da baya.

Ɗan manomin rogo ne, ɗan ƙabilar Gbaya. Ya tafi Marwa koyon aikin dabbobi don kawai ya tsere wa fartanya. A can ne wata rana malaminsu ya feɗe ɗan akuyar da bai daɗe da shan nono ba, ya ɗaga hanjin a hasken rana, ya nuna musu waɗansu fararen jijiyoyi sirara kamar zaren ɗinki. Dua da ya ɗauka jini kaɗai ke yawo a jiki ya tsaya baki buɗe. Tun daga ranar ya kamu.

Duk wanda ya yi kuskuren tambayarsa abin da yake nema a jikin sa, ya jawo wa kansa karatu.

"Jini dai kun san shi," in ji shi. "To akwai wani ruwa garai-garai da ke tsatsowa daga jini ya jiƙa nama, sannan ya bi siraran hanyoyi ya koma. Ba shi da zuciyar da ke tura shi, motsin dabbar ne ke kora shi. A hanyar kuwa akwai shingaye kamar na jandarmomi: ƙasan muƙamuƙi, gaban kafaɗa, matsematsi, tsakanin huhu. Su ne kaluluwa. Cutar da ta biyo ruwan, a nan ake tare ta a yi ta dambe, shi ya sa wurin ke kumbura."

"Jandarmomi ma ai suna kumbura," in ji Bobbo Hayatu, sarkin mahautan. "Sai dai su a tumbi."

Shekara ashirin suna wannan tsama, shi da Hayatu. Sau ɗaya Hayatu ya riga shi, ya ciccire kaluluwar wani sa da bai yarda da lafiyarsa ba, ya jefa wa karnuka. Dua ya zo ya lalube nan, ya lalube can, ya goge wuƙarsa.

"Bobbo, sa ba kaluluwa? Wannan ai ba sa ba ne, ni kuwa ba a ba ni hatimin aljanu ba."

A gida ma ba a tsira ba. In matarsa Sabin ta sa naman akuya a miyar ganyen rogo, sai ya tsamo tsoka ya jujjuya kafin ya kai baki. Da ta ji daga bakinsa cewa kaza ba ta da kaluluwa, sai ta koma kaza da kifi, ta huta. Ranar da Filimon, mai sayar da zuma, ya zo gaisuwar neman auren 'yarsu Odet, Dua ya ba shi hannu, ɗaya hannun kuma ya kai ƙasan haɓarsa ya danna.

"Baba, surukinka ne fa, ba bijimi ba," in ji Odet.

"Na gani. Lafiyarsa ƙalau."

Da aka sa ranar biki, mahaifin ango, tsoho Yongoro, ya aiko da farin sa daga garkensa, mai tozo kamar tulu. Aka shirya Hayatu ya yanka shi ranar bikin, Asabar da safe, don maƙwabta Musulmi su ci hankali kwance.

"Yau kai uban amarya ne," in ji Sabin tana gyara masa wuyan kwat. "Ka bar wuƙar nan a gida."

Ya ce to. Wuƙar kuwa tana cikin aljihun kwat ɗin.

Ya isa mayanka wai don ya ga an raba naman daidai. Ganin shanun kasuwa bakwai a rataye ba hatimi, ya kasa haƙuri, ya dudduba su ya buga musu. Sannan ya zo kan san biki. Ya kama huhun, ya nemo kaluluwar tsakiya, ya ji ta cika masa hannu. Ya sa wuƙa, sai ta yi ƙaras kamar ta shiga yashi. Cikin ya yi rawaya, dunƙule-dunƙule kamar cuku. Ya duba ta muƙamuƙi, haka. Ta hanta, haka. Ta gaban kafaɗa, haka. Tarin fuka ne, ya gama zagaye jikin.

Hayatu ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Dokta, 'yarka ce fa. Wuta tana kashe komai. Mu ba mu ga komai ba."

Dua ya daɗe yana kallon huhun. Ya tuna tukwanen da Sabin ta aro tun daga unguwa uku, da mutanen da suka taso daga ƙauyuka tun jiya. Ya tuna kuma masu gasa nama ba sa jiran ya nuna in layi ya yi tsawo.

"Bobbo, miƙo mini kananzir."

Da hannunsa ya zuba wa naman don kada kowa ya ci, yana sanye da kwat ɗin biki, ya tsaya har aka binne san. Sannan ya tura kekensa gida a ƙasa.

Yongoro yana zaune a tsakar gida cikin danginsa lokacin da ya ji labarin. Ya ajiye ƙoƙon da ke hannunsa.

"Suruki, san nawa ka duba, ko ni ka duba?"

"San na duba. Kai ma da za ka yarda, da na so a duba ka, tunda nonon garken kake sha ɗanye."

Sabin ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta nuna masa tukwane goma sha ɗaya da ruwa ke tafasa a ciki.

"To, Dokta, ga su nan. Sai ka shiga ɗaya."

Aka tafi coci a haka, ba mai yi wa wani magana. Dua ya raka 'yarsa gaba yana warin kananzir, Odet tana danne dariya, don ita ta san ubanta. Limamin cocin ya yi wa'azi a kan haƙuri, kowa ya ɗauka da shi ake.

Suna dawowa suka tarar da amalanke a ƙofar gida, Hayatu na zaune a kai yana cin goro, mahauta shida a bayansa. A cikin amalanken cinyoyin shanu ne guda bakwai, kowace da shuɗin hatimin Dua na safiyar nan.

"Mene ne wannan, Bobbo?"

"Shekara ashirin muna roƙon Allah ya nuna mana ranar da wuƙarka za ta yanke ka. Yau mun gani, mun huce. Kowa ya cire cinya ɗaya. In kuma kana so ka sake dubawa, bismilla."

Dua ya yi musu godiya. Amma hannunsa ya nufi aljihun da wuƙar take. Sabin ta riƙe hannun gam, ta ce wa mata su sauke naman.

Yongoro ya zagaya amalanken yana ƙirgawa da sandarsa. Ya kai bakwai, ya sake farawa.

"Ni dai sa mai ƙafa huɗu na aiko," in ji shi. "In haka ake yi a garinku, suruki, ina da wata tsohuwar saniya mai tari."

Aka ci tuwon rogo da nama har aka kai wa maƙwabta. Bayan sati biyu Yongoro ya bari aka gwada garkensa, aka sami shanu biyu da cutar, aka fitar da su. Shi kansa aka duba shi a asibiti, ba a sami komai ba, ya kuma riƙa faɗin haka a duk inda ya zauna, kamar ya ci gasa.

Dua ya yi shekara uku bayan nan ya ajiye aiki. Aka turo wata budurwa daga Ngaundere, mai safar hannu da gilashi, ta karɓi hatimin. Ba a yi wata ba Hayatu ya zo gidan Dua ya zauna a kan benci yana huci.

"Yarinyar nan da aka kawo, Dokta, har kaluluwar bayan gwiwa take tonowa. Kai ai mutumin kirki ne ashe."

Dua ya tsiyaya masa shayi, ya tambaye shi ko ta duba ta ƙasan ƙoda. Hayatu ya ce bai sani ba, kuma in ya kuskura ya je ya tuna mata, zumunci ya ƙare.