Hanyar da Ta Raba Gonar Kakanmu

Ranar wata Alhamis a ƙarshen damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare, Inna ta aike ni fadama da furar Baba. Ina hawa sabuwar hanyar jan ƙasa sai na hango Baffa Ummaru, ƙanen mahaifina, tsaye cikin ruwa har gwiwa, yana saran gefen hanyar da galma. Ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da sara. Ni kuwa ban gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi ba.

Kafin zuwan hanyar, gona ɗaya ce kakanmu ya bar wa 'ya'yansa biyu a fadamar ƙauyenmu, kusa da Dinawa. Ba su taɓa kafa iyaka ba. Kowace shekara gulbi yakan cika ya malalo ta wani kwari a tsakiyar gonar, ya kwana biyu, ya janye ya bar laka mai laushi, a nan ake yafa irin albasa kafin dashe. Mu yara aikinmu korar awaki da jan ruwa a fangali, in rana ta yi sanyi mu yi langa a kan yashi da Sa'idu, ɗan Baffa, wanda tabarmarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya.

Sai aka zo gina madatsa a kan gulbi, aka ce za a kai ruwan famfo garuruwa, daga Goronyo har Wurno da Rabah. Tifofi na buƙatar hanya, hanyar kuwa ta ratsa gonar, gefen gulbi ya zama na Baffa, na tudu ya zama namu. Masu awo da rani suka zo, lokacin kwarin ƙayau yake. Na ji Baba yana ce wa babbansu, "Ranka ya daɗe, nan ruwa ka bi, ku bar mishi ƙofa." Mutumin ya dubi busasshiyar ƙasa ya yi murmushi. Ba a sa kwalbati ba. Ba zan rantse cewa raini ne ba, wataƙila takardarsa ce ba ta nuna kwarin ba, amma har yau in na tuna murmushin nan raina yakan ɓaci.

Da ruwa ya zo, hanyar ta tare shi. Dawar Baffa ta yi kwanaki a nutse tana ruɓewa, mu kuma Baba ya yafa irin albasarmu a gindin hanyar, inda ɗan danshi ke tsatsafowa, har ya yi tsawon yatsa. Shi ke nan abin da muka dogara da shi na rani. Da Baffa ya sare hanyar, ruwan da ya taru ya kwararo gaba ɗaya, kafin la'asar babu ko ganye ɗaya a fangalinmu.

Baba bai gani ba, yana can ƙarshen gona yana yankan gero. Zai iya ɗauka hanyar ce ta karye da kanta, domin ta riga ta fara zaizayewa. Ni na faɗa masa. Ba wanda ya tambaye ni. Da magariba 'yan'uwan suka haɗu a ƙofar zaure, Baba ya ce, "Mi ni yi maka, Ummaru, da za ka kashe min ɗiya da yunwa?" Baffa ya ce, "Naka ɗiya su kaɗai ka cin tuwo? Kwana nawa kana kallon dawata cikin ruwa, ko sannu?" Kafin sati ya zagayo an ja katanga a tsakar gidan da muke zaune tare. Aka hana Sa'idu zuwa ɗakinmu, a makaranta ya sauya benci, in mun haɗu a rijiya sai ya tofar da yawu gefe. Dattawa sun zauna sau biyu, aka tashi ba sulhu.

Yanzu na gama jami'a, kuma abin da na karanta ya shafi ruwa da ƙasa, don haka na san bututun siminti guda biyu sun isa su hana duk wannan. Ban ce madatsar ba ta da amfani ba, na ga mata a gari sun huta da tulu, ko da yake famfon bai iso ƙauyenmu ba. An sa kwalbatin daga baya, daidai inda Baba ya nuna, bayan ya rasu. Baffa ya zo jana'iza ya tsaya a sahun baya, bai shigo gida ba. Ya tsufa yanzu, nakan gaishe shi ya amsa a taƙaice, Sa'idu kuwa har yau ba ma magana. Ruwa na wucewa ƙarƙashin hanyar kamar yadda yake yi tun zamanin kakanmu, katangar tana nan a tsakar gida. Ban sani ba ko da na yi shiru ranar nan, da ba a gina ta ba.