Kawu Lawali da Waƙar Zuwaira

Duk wanda ya san Kawu Lawali, ƙanen mahaifiyata, ya san hular kwanonsa. Ba shi da babur, ko keke ba shi da shi, amma ranar kasuwar Magariya sai ya kifa ta a ka, wai kada a gane shi. Yara kuwa tun daga nesa suke ihu: "Ga mai Zuwaira!"

Na ce, "Kawu, ai hular ce ke tona maka asiri."

Ya ce, "Ƙyale ni, ɗana. Ko ba komai tana toshe mini kunne."

Kun san abin da yake gudu. Ya yi waƙar Zuwaira ne bayan matarsa Zuwaira ta rasu wurin haihuwa a Guci, ta bar masa jaririya. Da ya kai waƙar Kano, yaran situdiyo suka ce ta yi sanyi. Suka yanke baitoci, suka bar amshi, suka ɗora kiɗa mai zafi. Ai kuwa ta karɓu! Kawu ya yi suna, ya hau jirgi, ya sha hotuna. Amma tun daga nan kowane biki da mutuwar matarsa ake rawa, har ya ajiye waƙa ya koma gona. Abu ɗaya ya nema, a zauna a ji abin da ya faɗa. Kullum maganarsa: "Da kunne ake jin waƙa, ba da ƙugu ba."

Wata rana ya hau kabu-kabu zuwa Sassumbrum, mai babur ya kunna ta a waya yana rausaya kai. Kawu ya ce, "Kashe."

"Haba Baba, kai me ka sani a waƙa?"

Kawu ya sauka, ya ƙarasa a ƙafa cikin rana. Taurin kai sai Kawu!

Wani mai neman kujerar depute, wato ɗan majalisa, ya aiko a cire sunan Zuwaira a sa nasa. Kawu ya ce wa ɗan aike, "Babu laifi. Ka ce masa ya mutu tukuna."

Ranar auren Rabi, jaririyar nan, ya roƙi mai kiɗa kada ya sa waƙar. Ina! Ƙawaye suka matsa, aka sa, har amarya ta miƙe tana takawa. Da na ga Kawu ya nufi fili, na ce yau lasifika ta shiga uku. Sai kawai ya sa aka kashe, ya karɓi makirufo, ya rera ta a hankali, ba kiɗa, da baitocin da aka yanke. Ranar muka ji akwai makara a ciki, da jaririya mai kukan nono. Mata suka zazzauna a ƙasa.

Rabi ta zo ta durƙusa gabansa. "Baba, ashe ni ce mai kukan?"

Ya ce, "Ke ce."

Wallahi ni ma na yi kuka. Bai ƙara rera ta ba, kuma kafin a yanke gero ya rasu.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sada shi da Zuwaira a inda ba mai yanke masa magana.