Baƙo a Bakin Ƙofa

Duk lokacin da aka taɓa wani abu a manhajar da suke haɗuwa suna ginawa, sai ya jawo tsohuwar kwamfutarsa daga ƙarƙashin tebur, ya goge duk abin da ke cikinta, ya zauna kamar bai taɓa ganinta ba. Sannan ya buɗe shafin da ke koya wa sababbin shiga yadda za su sa hannu a aikin, ya bi shi layi-layi. Abin da ba a rubuta ba, ba ya yi, ko da yatsunsa na ƙaiƙayi. Shi ya sa abokan aikin, waɗanda bai taɓa ganin fuskar yawancinsu ba, suke ce masa Baƙo.

Manhajar ta kowa ce, mai so ya buɗe cikinta ya gyara. Magina sun yi yawa, mai share bakin ƙofa kuwa shi kaɗai. Yakan ce gida ko ya taɓo sama, in ƙofarsa ta cije, kango ne.

Sai idonsa ya fara gajiya. A shekarar kuma aka sauya tushen manhajar, shafin ya zama tsohon zance. Duk wanda ya bi shi zai maƙale a tsakiya, ya juya ba sallama. Wannan ya fi maganar likita hana shi sakat.

Ya roƙi matarsa, wadda tela ce, ta bar keken ɗinki ta hau kujerarsa.

Ta ce, "Ni da ban san kan abin nan ba balle gindinsa?"

"Shi nake nema, Tela. Na daɗe ina aron rashin sani, ke kuwa naki gangariya ne."

"Allah ya shirye ka, Maigida."

Tana karantawa tana dannawa, ba a je ko'ina ba ta tsaya cik.

"An ce in shiga wurin da na ajiye manhajar. Ta ina ake shiga?"

Ashe duk shekarun nan yatsunsa ke tsallake wannan gurbin ba su gaya masa ba.

"Rubuta," in ji shi a hankali.

Haka suka riƙa yi kowace yamma, ɗinkin mutane na jira a kan igiya. Ta yi tuntuɓe, ya faɗa, ta rubuta. Sun wuce rabi lokacin da ciwon ya sauko daga ido zuwa jiki.

A zamansu na ƙarshe ya ce ta rubuta: "In jan rubutu ya fito a nan, kada ka tsorata. Sai ka..."

"Sai ka me?"

"Bari in ɗan kishingiɗa. Gobe."

Da safe aka kai shi asibiti, bai dawo ba.

Kwamfutar tana nan kan teburin, an rufe ta da ragowar yadi. Wani lokaci Tela takan ɗaga yadin ta kunna. Ɗan layin nan na allo mai nuna inda rubutu ya tsaya yana nan bayan "sai ka", yana ƙyafta ido.