Muryar Ammu Shalabi

Ku da kuka tashi kuka tarar da sinima tana magana da bakinta, ba ku san Ammu Shalabi ba. Ni na san shi. Shekara da shekaru ina sayar da soyayyun 'ya'yan kabewa a ƙofar gidan majigin unguwarmu ta Bulaƙ, shi kuma yana ciki tsaye gefen farin zane da 'yar sandarsa. A lokacin hotuna bebaye ne, sai rubutu jefi-jefi, mu kuwa 'yan benci wa ya iya karatu? Shi ne bakin kowa. Ya yi muryar Basha, wato babban mai sarauta, ya yi ta budurwa, har kukan jaki.

'Ya ɗaya gare shi, Wajida. Da wannan maƙogwaron ya ciyar da ita, ya kai ta makaranta. Wani Afandi, wato ɗan boko, ɗan gidan manya, ya gan ta, suka so juna. Amma uwar mijin ta kafa sharaɗi: mai ihu a gidan majigi ba zai taka mata tsakar gida ba. Sai aka ce wa dangin miji uban yarinya ya rasu tuntuni. Shi da kansa ya amince, sakarai! Na zage shi tas.

"Ummu Rizƙ," ya ce mini, "idan mutuwata za ta zaunar da ita lafiya, ai ta yi araha."

Tun daga nan shi kaɗai yake kwana a ɗaki bisa rufin gidanmu, da tantabaru biyu. Mutumin da ke sa ɗaruruwa dariya, in ya hau can ba ka jin ko tarinsa.

Wata shekara aka kawo majigin soyayya. A cikinsa, ɗan Basha ya auri 'yar masunci. Ranar biki uban amarya ya zo ƙofar Basha da kwandon kifi, mai gadi ya tare shi. Amarya ta leƙo ta taga, leɓɓanta na motsi, amma babu rubutu a wurin. Ammu Shalabi ne ke cike gurbin. Kullum sai ya ƙanƙance murya ya ce, "Ku buɗe masa, ubana ne!" Benci ya kaure da tafi, ana jefa huluna sama.

Wata ranar Alhamis da la'asar, keken doki ya tsaya gabana. Wajida ce ta sauko, da mijinta da jar dararsa, da surukar tana toshe hanci da hankici. Suna hawa bene wajen manya, na bar farantina na ruga na sami Ammu Shalabi yana shan ruwan zuma.

"'Yarka tana sama."

Ya ajiye kofin. Ya gyara wuyan rigarsa mai faci. "Da su?"

"Da su. To yau ka kira sunanta, kowa ya ji!"

Ya ɗauki 'yar sandarsa ya nufi gefen farin zane.

Wallahi ban taɓa jin ya yi aiki kamar ranar ba. Na laɓe bayan labule ina saurare. Ya yi kukan jakin nan, har daga bene na ji dariya. Aka zo ƙofar Basha. Masunci ya ɗaga kwando, amarya ta leƙo, leɓɓanta suka motsa. Ammu Shalabi bai ce uffan ba. Sai da hoto ya koma kan tsohon, sannan ya yi magana, da muryarsa ta gida, wadda na sani.

"Kada ki sauko, 'yata. Na ga kina lafiya. Ya ishe ni."

Benci ya hargitse.

"Kai Shalabi! Jiya ba haka ta ce ba!"

"Tsohon nan ya sha wani abu ne?"

Suka yi ta jifansa da ɓawon 'ya'yan kabewar da suka saya a wurina. Ya tsaya ƙiƙam har aka gama.

Da aka tashi, na koma kan farantina. Surukar ta wuce tana cewa ai mai bayanin nan ya fi amaryar hankali, kowa ya san matsayinsa. Wajida ta dube ni, idanunta jawur. Ta buɗe baki, mijin ya kama hannunta, suka hau keke.

Na sami Ammu Shalabi bayan ƙofa, ya ɓuya don kada su yi karo. Ina cike da fushi, na zo in sauke masa, sai ya riga ni.

"Ta yi ƙiba? Wace irin riga ta sa?"

"Au, ba ka gan ta ba?"

"Daga inda nake tsayawa ba a ganin bene, Ummu Rizƙ. Hasken majigi na kashe ido."

Na zauna a kan matakala na kwatanta masa ita, tun daga ɗankunne har takalmi. Da na gama ya ce in sake.