Man Keken Ɗinki a Cikin Fiyano

Tun yana saurayi Baba Sati yake gyaran fiyano, daga Samaru har Sabon Gari. A kan idonsa suka ƙare: wani gara ta cinye, wani kafinta ya mayar da shi kantar shago. Saura ɗaya, babba mai ƙafa uku, a wata majami'a ta Sabon Gari, shi ma ya yi shiru. Dattijo Oluwole na majami'ar bai ɓoye wa Baba Sati ba: in fiyanon bai yi magana ranar godiyar kaka ba, fitar da shi za a yi, a kafa kibod, ƙaramin fiyano na lantarki.

Baba Sati ya zaro kayan cikin fiyanon kamar aljihun tebur, ya danna maɓalli. 'Yar gudumar da ke bugun waya ta tashi, amma wajen komawa sai ta riƙa sauka kamar mai ciwon gwiwa. Da farko ya zaci danshin damina ne ya kumbura ulun da ke gaɓoɓin. Sai ya shafa, ya sunsuna yatsansa.

"Wa ya ba shi mai?"

Mama Winifred, shugabar zumuntar mata, ta ajiye tsintsiya, fuskarta fal alfahari. "Ni ce, Baba. Na keken ɗinkina ne, mai kyau. Ko ƙofa in ta cije ai mai ake ba ta."

"Ƙofa kika gani a nan, Mama? Ulu ne. Ya sha, ya haɗa da ƙura, ya zama danƙo."

Ta ce to, da ya zo da wuri ai da ba ta taɓa ba.

Gaɓa-gaɓa ya bi, yana zare ƙusa, yana ɓanɓare ulun da ya jiƙe, yana sa sabo. Da ulun da ya zo da shi ya ƙare, ya yanka tsohuwar malfarsa ta ulu. Ranar Asabar kowace guduma tana tashi tana komawa garau. Ya buga waƙa guda, ba kowa sai kujeru.

Ranar Lahadin godiyar kaka ya shigo, kansa ba hula. An lulluɓe fiyanon da leshi, an jibga masa doya, kabewa da buhun masara. A gefe, kibod na ta ƙara.

Dattijo Oluwole ya raɗa masa cewa ba za a fitar da shi ba kuma, an ga amfaninsa: babu teburin da ke ɗaukar nauyi kamarsa.